Jinjina ga Mai Shaidar da Ba a Rantsarwa

Ranka ya daɗe, ɗan ruwa a gindin kwalba. Allah ya ja zamaninka, mai zuwa daga Amurka da Turai da Sin a lulluɓe cikin ƙanƙara, mai kwana a firij, wanda bai cika rabin cokalin shayi ba amma ake ƙirga masa ɗaruruwan daloli, mai saye kuma shi ne da godiya. Antibodi na ɗakin bincike, sai kai. A duk faɗin ilimin halittu babu mai shaidar da ake yawan kira kamarka, babu kuma wanda aka fi ɗaga wa ƙafa. Alƙali yakan rantsar da mai shaida, ya tambayi asalinsa, ya nemi wanda zai tsaya masa. Kai kuwa da an buɗe kwalinka an karanta sunan da ke jikin takarda, magana ta ƙare.

Asalinka mai daraja ne, wannan babu ja. Furotin ne kai, garkuwar jikin mutum da dabba ke ƙera ka idan baƙon abu ya shigo jini, kuma baiwa guda aka yi maka: ka gane wani ɗan lungu a jikin abin da aka yi ka dominsa, ka cafke shi, ka ƙyale saura. Masana suka ga wannan baiwa suka ɗauke ka aiki. A yi wa zomo ko akuya allurar furotin ɗin da ake nema, a jira makonni, a ɗebi jini, a tace, ga ka nan. A 1975 Georges Köhler da César Milstein, a Kambirij ta Ingila, suka gano yadda za a haɗa ƙwayar ɓera mai ƙera ka da ƙwayar kansa wadda ba ta daina hayayyafa, a samu zuriyar da iri ɗaya tak take fitarwa, aikin da ya kai su ga kyautar Nobel a 1984. Sai a liƙa maka launi ko wani abu mai ƙyalli, a zuba ka a kan siririn yankan tsoka, ko a kan takardar da aka jera furotin bisa nauyinsu. Inda ka tsaya, nan launi zai fito. Furotin ba ya ganuwa ko da madubin likita. Duk abin da masani ya ce ya gani, kai ka faɗa masa.

Shari'ar da ake kiranka a kanta kuwa ba ƙarama ba ce. Kafin ƙwayar halitta ɗaya ta rabu biyu, dole ta kwafi dukkan DNA ɗinta, harafi kusan biliyan 6, zaren da in an miƙe shi zai kai mita 2. Tana gama aikin cikin awa 8 ko makamancin haka, domin daga dubban wurare take farawa. Sharaɗin kuma mai tsanani ne: kowane yanki a kwafe shi sau ɗaya, kada a maimaita, kada a tsallake. A 1988 Julian Blow da Ron Laskey, suna aiki da ƙwan kwaɗo, suka nuna cewa akwai wani izini da DNA ke karɓa sau ɗaya a kowane zagaye, kuma yana ƙarewa da zarar an yi amfani da shi. Daga nan aka shiga gano masu ba da izinin ɗaya bayan ɗaya. Stephen Bell da Bruce Stillman suka kamo ORC a 1992, tarin furotin shida da ke zama a kan mafarin kwafi. Shi ke janyo Cdc6 da Cdt1, tare su ɗora zoben MCM a kan zaren, zobe mai 'yan'uwa shida daga MCM2 zuwa MCM7, dangin da aka fara jin labarinsu a cikin yis a ɗakin binciken Bik Tye na Jami'ar Cornell a shekarun 1980. Idan lokaci ya yi, Cdc45 da GINS su haɗu da zoben, ya fara tsage igiyoyin DNA biyu, PCNA kuma ya riƙe na'urar kwafi kada ta zame. Da an fara, ƙwayar takan rusa Cdt1, geminin wanda aka gano a 1998 ya danne abin da ya rage, don kada a ba da izini na biyu. Idan tsarin nan ya karkace, DNA yakan kakkarye ya maimaitu, irin wanda ake gani a ƙwayoyin kansa. Yaron da aka haifa da tawaya a ORC1 ko Cdt1 ko Cdc6 kuwa yakan fito da cutar Meier-Gorlin: gajarta, ƙananan kunnuwa, ƙoƙon gwiwa ƙarami ko babu shi sam.

A kan al'amari mai nauyi haka ake cewa ka fito ka faɗi wane ne yake ina, yaushe ya zo, yaushe ya tafi. Kuma ka fito, ba ka taɓa noƙewa ba.

Halinka na farko da ya cancanci yabo shi ne kara. Ba ka iya ba mai tambaya kunya ba. Wanda ya sha tsayuwa yana jiran baƙin layi ya fito a kan takarda, ba ka barinsa ya tafi hannu rabbana. Idan wanda yake nema ba ya nan, sai ka kamo masa maƙwabci. Shekara da shekaru ana rubuta cewa ƙwayoyin kansa cike suke da makarɓin EPO, sinadarin nan da ake ba masu ƙarancin jini, har ana fargabar maganin na iya ciyar da ƙari gaba. A 2006 Steve Elliott da abokan aikinsa a kamfanin Amgen suka bincika wani sanannen ɗan'uwanka da ake wannan awo da shi, suka tarar HSP70 yake kamowa, wani furotin daban da dama can ya yawaita a cikin ƙari. A 2017 masana a Suwidin suka jera 'yan'uwanka 13 da ake sayarwa don gano makarɓi na biyu na estrojin, sinadarin mata, wanda aka daɗe ana cewa yana nan a sankarar mama. Ɗaya kaɗai ya ci jarrabawa a kan tsoka, kuma da aka yi aiki da shi ba a ga makarɓin a tsokar mama ba. Tun a 2008 masu aikin Human Protein Atlas, su ma a Suwidin, sun gwada fiye da 5,000 daga cikinku da aka sayo a kasuwa, kusan rabi ne suka tsallake. Wace sana'a ce a duniya rabin kayanta zai fito ba ya aiki, amma kasuwarta ta ci gaba da ci? Taka ce kaɗai, Allah ya ƙara albarka.

Amma babbar bajintarka a kan MCM ka yi ta, kuma ta isa a tsaya a kanta. Tun kafin tsakiyar shekarun 1990 an san inda ake kwafin DNA a cikin cibiyar ƙwaya, domin wuraren suna fitowa ɗigo-ɗigo idan aka haska PCNA ko sabon zaren da aka saƙa. Hankali ya ce MCM, mai tsage igiya, dole yana nan a sahun gaba. Aka kira ka. Ka nuna MCM birjik a kan DNA ɗin da ba a kai gare shi ba tukuna, amma a bakin aikin kansa ka ce ba ka ga kowa ba. Aka sake tambaya a wani ɗakin bincike, a wata ƙasa, da jinin wani zomon, ka maimaita abin da ka faɗa. Masana suka raɗa wa abin suna, suka ce wani ɗaurin gwarmai ne na MCM, suka shiga nemo masa bayani. Har a 2003 aka kawo shawarar cewa watakila daga nesa zoben yake murza zaren, ya warware shi a can inda ake kwafi ba tare da ya je wurin ba. Mutane ne masu kaifin basira suka yi wannan tunani, kuma sun yi shi ne don kada su ƙaryata ka. Sai a 2022 Hana Polasek-Sedlackova da Jiri Lukas da abokan aikinsu a Jami'ar Kopenhagen suka ƙi tambayarka. Suka yi amfani da CRISPR, dabarar gyara DNA, suka liƙa wa MCM na cikin ƙwayar alama mai haske a jikinsa. Sai ga shi a bakin aiki, inda hankali ya ce yake tun farko. Dalilin ya fito fili: da zarar zoben ya fara aiki, sauran ma'aikata sukan yanyame shi, su toshe ɗan lungun da kake kamawa. Waɗanda kake gani su ne na ajiya, domin ƙwayar takan ɗora ninkin abin da take bukata saboda ranar da wani zai maƙale a hanya. Fiye da shekara 25 kana nuna masu zaman jira, kana cewa babu ma'aikata a wurin.

A nan ba ƙarya ka yi ba, iyakar abin da idonka ya kai gare shi ka faɗa, kuma wannan ne ya fi tayar mini da hankali. Idan antibodi na ƙwarai, wanda manyan masana suka ƙera da hannunsu suka san halinsa, zai iya riƙe fage guda a cikin duhu tsawon wannan lokaci, ina ga wanda aka ɗura a kwalba a masana'anta, aka ɗauki hoton layi ɗaya aka manna a kasidar talla?

Ka kuma iya zaɓen unguwa, a nan ma a sara maka. Hanya mafi inganci ta kama ka ita ce a samo ƙwayar da aka goge mata ƙwayar gadon furotin ɗin gaba ɗaya, a zuba ka a kai. In ka nuna layi a inda babu kowa, asirinka ya tonu. Ga yawancin furotin wannan ya zama mai sauƙi tun da CRISPR ya yaɗu bayan 2012. Amma ƙwayar da aka raba da MCM2 ko PCNA ba ta rayuwa, balle ta hayayyafa a yi gwaji da ita. Sai dai a rage furotin ɗin na ɗan lokaci da guntun RNA, ko a ɗaura masa alamar da za ta sa ƙwayar ta rusa shi cikin gaggawa idan an zuba mata oksin, sinadarin tsiro, dabarar da Masato Kanemaki da abokan aikinsa suka fito da ita a Japan a 2009. Aikin watanni ne da kuɗi, kuma kamfanin da ke da kaya dubu-dubu a kasida ba shi da wannan lokacin. Ga 'yan'uwan nan shida na MCM sun yi kama a tsakiyar jikinsu, nauyinsu ya kusanci juna, MCM5 da MCM7 kusan a layi ɗaya suke sauka. Ka kama wannan a madadin wancan, layi zai fito daidai inda ake sa rai, kowa ya tafi gida da murna. Cdt1 kuwa ɗan kaɗan ne, yana bayyana ya ɓace cikin zagaye guda, don haka duk wani ɗan duhu da ya leƙo kusa da nauyinsa maraba ake yi da shi. A 2016 ɗakin binciken Anindya Dutta a Jami'ar Virginia ya ba da rahoton ƙwayoyin kansa da ke ci gaba da rabuwa bayan an lalata musu ORC1 ko ORC2. Wasu manyan masana suka ƙi yarda, kuma rabin gardamar a kan tambaya ɗaya ta tsaya: furotin ɗin ya tafi ne ƙaf, ko ya rage ɗan kaɗan da mai shaida bai iya gani ba?

Sai kuma baiwarka ta sauya hali ba tare da sauya suna ba. Zomon da ya ba da zubin farko ya mutu, an yi wa wani allura, jininsa daban, abin da ke ciki daban, amma lambar da ke jikin kwalba ba ta motsa ba. David Rimm, likitan nazarin tsoka a Jami'ar Yale, ya haɗa wani gwaji da 'yan'uwanka don ya gane masu sankarar fata da cutar za ta iya dawo musu, har ya samu tallafin fiye da dala miliyan 2 don kai gwajin asibiti. A 2009 ya sayi sabon zubi daga kamfanonin da ya saba saye, da sunayen da ya saba, ya zuba a kan tsokokin da ya riga ya gwada. Launi ya fito daban. Aikin ya tsaya nan. A Toronto ta Kanada, Eleftherios Diamandis da Ioannis Prassas sun shafe shekara 2 da kusan dala 500,000 suna auna wani furotin mai suna CUZD1 a jinin marasa lafiya, suna ganin sun samo alamar sankarar gaɓar ciki da ke fitar da insulin, kafin su gane kayan awon da suka saya CA125 yake kamawa, tsohuwar alamar da kowane likitan mata ya sani. Jinin nan marasa lafiya ne suka bayar, da yawansu suna sane ba za su ga amfaninsa ba, sun bayar ne don na baya.

Iyayen gidanka ma sun cancanci tasu gaisuwar. Sun gano cewa ba dole ne kowa ya yi kiwon zomo ba. Kamfani ɗaya ya ƙera, ya sayar wa goma a sari, kowanne ya manna takardarsa da lambarsa da farashinsa. Mai taka-tsantsan ya ce zai kira shaidu uku, ya saya daga kamfani uku, duka suka faɗi magana ɗaya, ya yi hamdala, ashe mutum ɗaya ne ya sauya riga sau uku. A jikin kowace kwalba kuma an rubuta cewa don bincike ne kawai, 'yan kalmomin da suka fitar da kai daga hannun hukumomin da ke tsare magani da kayan gwajin asibiti. Ɗan'uwanka da ake yi wa majinyaci allurarsa sai ya shekara da shekaru yana amsa tambaya kafin a bar shi ya fita. Kai babu mai tare ka a ƙofa. Ko dabbobin da ake tatsar jininsu ba su tsira ba. Ma'aikatar Noma ta Amurka ta daɗe tana tuhumar kamfanin Santa Cruz Biotechnology, ɗaya daga cikin manyan dillalanka, da wulaƙanta awaki. A farkon 2016 masu duba gari suka je suka tarar dubban awaki da zomaye sun ɓace daga wurin, a watan Mayu kuma kamfanin ya amince ya biya tarar dala miliyan 3.5 ba tare da ya amsa laifi ba, ya kuma rasa lasisin wannan harka.

Kuɗin da kake ci ma an ƙiyasta. A 2015 Andrew Bradbury da Andreas Plückthun, tare da masana fiye da 100 da suka sa hannu, suka rubuta a mujallar Nature cewa asarar da ake yi a kan irinka marasa inganci ta kai dala miliyan 350 a shekara a Amurka kaɗai, miliyan 800 a duniya. Shekara 3 kafin nan Glenn Begley da Lee Ellis sun ba da labarin manyan binciken kansa 53 da aka yi ƙoƙarin maimaitawa, 6 ne kawai suka tabbata. Ba kai kaɗai ne sila ba, amma sunanka yana sahun gaba duk lokacin da aka lissafa dalilai.

Ba za ka kai haka ba da ba ka da masoya. Masanin da ke bukatar takarda kafin a ƙara masa girma yana sonka, domin kana ba shi layi. Mujallar da ke son sabon labari tana sonka. Shekaru da dama ana buga bincike a rubuta cewa an yi amfani da antibodi na MCM7, a tsaya nan, babu lamba, babu zubi, wani lokaci babu ko sunan kamfani, ta yadda mai son maimaitawa bai san wa zai kira ba. Wanda ya zo saye kuma abin da yake dubawa shi ne takardu nawa suka ambace ka. Wanda aka fi ambata shi ake saye, wanda ake saye shi ake ambata. Haka girmanka ke haihuwar girma, ba tare da an taɓa tsayar da kai an tambaye ka ba.

Idan aka iso ƙofar asibiti, yabon yakan sarƙe mini a maƙogwaro. PCNA a jinin masu cutar lupus aka fara gano shi a 1978, kuma a farkon shekarun 1990 likitocin nazarin tsoka sun rungumi antibodinsa suna ƙirga saurin girman ƙari da shi, kafin a fahimci cewa furotin ɗin yana daɗewa bayan ƙwaya ta gama rabuwa, yana kuma fitowa wurin gyaran DNA, launinsa ma yana sauyawa gwargwadon daɗewar tsoka a cikin ruwan adana ta. Aka koma ga Ki-67, wata alamar ƙwaya mai rabuwa, wanda Johannes Gerdes da abokan aikinsa suka samo a birnin Kiel na Jamus a 1983. Antibodin da aka fi auna shi da shi, MIB-1, na kirki ne, ya sha gwaji. Duk da haka, da aka rarraba tsoka iri ɗaya ga manyan ɗakunan gwaji a ƙasashe daban-daban, ƙidayarsu ta sha bamban, saboda yadda kowa ke adana tsoka, da yadda yake rina ta, da inda yake zaɓa ya ƙirga. A 2021 kwamitin ƙasa da ƙasa da ke nazarin Ki-67 a sankarar mama ya ce sakamakon da za a dogara da shi shi ne kashi 5 cikin ɗari zuwa ƙasa, ko kashi 30 zuwa sama. A watan Oktoba na wannan shekarar hukumar FDA ta Amurka ta amince a ba wasu mata maganin abemaciclib bayan tiyata da sharaɗin Ki-67 ɗinsu ya kai kashi 20, wato tsakiyar inda aka ce awon ba ya tsayawa. A Maris 2023 ta janye sharaɗin, bayan ta tabbata maganin yana amfanar matan ko ƙidayar ba ta kai haka ba. A tsakanin waɗannan watanni akwai matar da makomar maganinta ta rataya a kan ko 18 aka ƙirga mata ko 22. Wannan fa shi ne mai shaidar da aka fi tantancewa a gidanku.

Maƙiya ba su bar ka ba, ranka ya daɗe, kuma ina tare da su. A Montreal, Carl Laflamme da Peter McPherson sun gwada 'yan'uwanka 16 da ake sayarwa don furotin C9ORF72, mai alaƙa da cutar shanyewar jijiya ta ALS, suka buga sakamakon a 2019. Kaɗan ne suka yi aiki, kuma wani da ya faɗi warwas an riga an yi amfani da shi a takardu 15 waɗanda aka ambata fiye da sau 3,000. Daga wannan aiki ƙungiyar YCharOS ta tsiro. A 2023 ta fitar da sakamakon antibodi 614 a kan furotin 65: fiye da rabi sun gaza a gwaji ɗaya ko fiye, kuma kowane furotin yana da kimanin takardu 12 da aka gina a kan wanda ko gane shi bai yi ba. Sun kuma nuna cewa waɗanda ake ƙerawa daga sanannen jerin DNA, ba daga jinin dabba ba, sun fi sauran gaskiya, kuma zubinsu ba ya sauyawa. Tun 2016 wani kwamiti ƙarƙashin Mathias Uhlén ya shimfiɗa hanyoyi biyar na tantance ka. Yanzu wasu mujallu suna neman a rubuta lambar rajistar kowane antibodi. Wasu kamfanoni, a yaba musu da gaske, sun janye kayan da suka faɗi daga kasuwa. Hanyar gyara a bayyane take, ba ta gagari kowa ba, tsada kawai gare ta, kuma ba a son biya. Takardun da aka gina a kanka kuwa yawancinsu suna nan daram a ɗakunan karatu, ɗalibai suna haddacewa.

Mu ma nan ba ka manta da mu ba, mun gode. A 1998 Gareth Williams da Nick Coleman da Ron Laskey a Kambirij sun nuna cewa antibodin MCM5 da na Cdc6 na iya haska gurɓatattun ƙwayoyi a gwajin bakin mahaifa, domin lafiyayyar ƙwayar da ta girma ta iso saman fata ta riga ta ajiye waɗannan furotin, mai shirin zama kansa kuwa tana riƙe da su. Wannan ilimi namu ne fiye da na kowa. Ƙiyasin 2020 ya ce mata kimanin 12,000 ke kamuwa da sankarar bakin mahaifa a Najeriya duk shekara, kusan 8,000 suna rasuwa. Sankarar Burkitt, wadda ke kumbura muƙamuƙin yara a ƙasashenmu masu zazzaɓin cizon sauro, ɗaya daga cikin alamominta ita ce Ki-67 ya rina kusan kowace ƙwaya. Likita a Zariya ko Kano ko Sakkwato yana bukatarka da gaske, kuma yana bukatar ka faɗi gaskiya.

Sai ka dubi yadda kake isowa. Ɗalibar da ke neman digiri na uku ta tara albashinta da gudummawar 'yan'uwa, ta canza naira zuwa dala a farashin da ya ninninka cikin 'yan shekaru, ta ba dillali, ta jira. Kwali ya kwana a filin jirgi, ƙanƙara ta narke, ya iso, an ɗauke wuta, firij ya huce. Kwalba ɗaya take da ita. Ba ta da ƙwayar da aka rage wa furotin don ta gwada ka, ba ta da kuɗin sayen na biyu daga wani kamfani, ba ta da na'urar da za ta auna abin da ka kamo. A Yale an kama ka ne don akwai kuɗin sayen zubi na biyu, a Toronto kuma akwai na'urar bin diddigi. Ita in ka nuna mata launi za ta rubuta shi a matsayin gaskiya game da matan garinsu, a buga, wani ya ɗora a kai. In kuma ka ƙi nuna komai, ba za ta zarge ka ba. Za ta ce hannunta ne bai ƙware ba, ko tsokar ce ta lalace, malaminta ya ce ta sake gwadawa, ta sake har ɗigon ƙarshe. Kafin ta gama share hawaye, saƙo ya shigo wayarta daga kamfanin, yana tambayarta ko ta ji daɗin kayan, yana kuma yi mata albishir da ragin farashi in ta sayi kwalba biyu.